Talata ta Biyu a Watan Nuwamba

Duk garin Carrowbeg an san Malachy Derrig da abu biyu: shekara talatin yana jan motar 'yan makaranta bai taɓa makara ba, kuma babu mai kyan rubutunsa. Shi kansa na biyun ya fi ji da shi. Tun da ciwon gwiwa ya sauke shi daga tuƙi ya tare a ofishin kamfanin motocinsu, in ka shiga neman hayar bas don biki ko wasan ƙwallo, sai ya san yadda ya yi ya jawo zancen littafin taro, ya sauko da shi daga kan kanta ya buɗe maka ko ba ka tambaya ba. Koren littafi ne mai bangon fata, mahaifinsu ya sayo shi a Galway. A ciki Malachy, sakataren kamfani, yake rubuta bayanin babban taron shekara da alƙalamin tawada, shekara goma sha tara ba fashi.

Abin da ba ya gaya wa masu zuwa haya shi ne, ko sau ɗaya ba a taɓa yin taron ba.

Su uku ne masu kamfanin, kowa da kashi ɗaya bisa uku kamar yadda mahaifinsu ya bar wasiyya: Fintan babban wa, shi ne shugaba, sai Malachy, sai autarsu Attracta, matar marigayi Dinny Padden, wadda ke zaune mil uku daga gari a hanyar tafki. Duk shekara, wata rana a Disamba in aiki ya lafa, Malachy yakan haɗa shayi, ya goge teburin kicin, ya duba kalanda ya nemo Talata ta biyu a watan Nuwamban da ya wuce, don ita ce ranar da tsohon ya saba sakawa. Sai ya rubuta cewa an yi taro a ofis da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, su ukun sun halarta, an karanta bayanin taron bara an amince da shi, babu wanda ya ja. Washegari ya kai wa Fintan gareji, ya shimfiɗa tsumma a kan shafin don kada baƙin mai ya ɓata, Fintan ya sa hannu a tsaye ba tare da ya karanta ba.

Malachy bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin cuta ba. Rabon Attracta yana isa hannunta duk shekara, ba a taɓa taɓa mata ko sisi ba. Ita ce ta baro aikin jinya a Manchester ta dawo ta yi shekara bakwai tana juya mahaifiyarsu a gado, bayan haka kuma ciwon Dinny ya sako kai, ya cinye shi a hankali har aka binne shi a Nuwamban bara. Mace mai wannan nauyi a kai, wa zai ƙara mata da takardu? Haka mazan garin nan suke tausayin mace: su yanke shawara a bayan idonta, su kira abin hutar da ita.

Da ba don filin gareji ba, da haka za a ci gaba har a binne su duka. Wani mai gina gidaje ne ya ga filin, wanda ke bayan coci, ya yi tayi mai tsoka. Fintan ya riga ya hango inda zai mayar da motocin a bakin sabuwar hanya. Da aka ce lauyan mai sayen zai so ganin takardun kamfani, sai ya yi wa ƙaninsa rajista a wani kwas na dokar kamfanoni da tafiyar da su, wanda ake yi duk Asabar da safe a Castlebar, mako goma. Ya ce ya je ya koyo yadda ake jera takarda ta yi kyan gani, tunda dai shi ne malamin gidan.

Malachy ya tafi da sabuwar jakar hannu da fensir uku. Su goma sha huɗu ne a ajin, yawancinsu irinsa ne, mutanen da aka ɗora wa sakatare ko darakta don ba su iya cewa a'a ba: wata mata daga ƙungiyar adashi, wani ƙato daga kulob ɗin ƙwallo, ma'aurata masu otal. Malamar kuwa da ta shigo sai ya ga Orlaith Devaney ce, yarinyar da ya yi shekara shida yana ɗauka a mararraba, wadda kullum sai ta yi amai a kwanar gada. Yanzu lauya ce, har da furfura ɗaya biyu. Ta gaishe shi da Mista Derrig, ta gaya wa aji cewa wannan mutumin ya san sirrinta da yawa, don haka ba za ta iya kayar da shi a jarrabawa ba. Aka yi dariya, Malachy ya ji kansa ya ƙara girma.

Makonni uku na farko sun yi masa daɗi. Ya koyi cewa kamfani mutum ne a idon doka, daban da masu shi, abin da ya maimaita wa matarsa Philomena har ta ce in haka ne kamfanin ya zo ya yanke mata ciyawar bayan gida. Ya koyi nauyin da ke kan darakta, ya rubuta shi layi-layi. A mako na huɗu Orlaith ta ce duk mai littafin taro ya zo da shi a gani, kuma babu wanda ya kai Malachy murna.

Littafin ya zaga aji hannu zuwa hannu. Matar adashi ta ce irin wannan rubutu sai a katin ɗaurin aure. Orlaith ta karɓa ta ƙarshe, ta zauna a gefen tebur tana buɗe shafuka, tana yaba tsarin. Sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake yin gaba, tana murmushi.

"Attracta Padden ba ta taɓa fashin taro ba," ta ce. "Amma Mista Derrig, shekara goma sha tara ba ta ce uffan ba? Matar da ta tsayar da limamin coci a tsakiyar huɗuba don ya faɗi sunan mamaci ba daidai ba? Me kuke zuba mata a shayi?"

Aji ya kwashe da dariya. Malachy ma ya yi tasa ta yaƙe. Ya ce ai a harkar motoci takan bar wa maza. Orlaith ta tambaye shi ta yaya yake aika mata sanarwar taro, ta gidan waya ko hannu da hannu. Ya ce hannu da hannu. Ƙaryar ta fita daga bakinsa sumul, a gaban yarinyar da ya sha goge wa baki da hankicinsa, kuma saurin fitarta ne ya fi ba shi kunya.

Ita ba ta lura ba, ko ta lura ta rufa masa asiri. Ta miƙa masa littafin ta juya ga allo. Ta ce kowane mai hannun jari yana da haƙƙin a sanar da shi babban taro da kwana ashirin da ɗaya, komai ƙanƙantar kamfani, ko da uwa ɗaya ta haifi masu shi. Ta ce bayanin taro in shugaba ya sa masa hannu ya zama shaida cewa an zauna, an faɗi abin da aka rubuta, kotu ma za ta karɓe shi a haka sai an kawo hujjar da ta ƙaryata. Ƙaton kulob ya ce to ai rabin ƙasar nan a teburin kicin suke taronsu, mutum ɗaya da biskit. Ta ce ta sani, kuma abin takaicin shi ne doka ta riga ta sauƙaƙa wa ƙananan kamfanoni: in ba sa son zama, sai a rubuta takarda ɗaya, duk masu hannun jari su sa hannu, shi ke nan an huta. Abin da doka ba ta yarda ba shi ne a sa wa mutum baki a maganar da bai ji ba.

Malachy ya zauna da littafin a kan cinya. Takarda ɗaya da tafiyar mil uku, ashe iyakar abin ke nan. Ya tuna yawan lokutan da ya bi ta ƙofar gidan Attracta da bas ba kowa a ciki, ya danna mata oda ya wuce. Ranar bai tsaya shan shayi da 'yan aji ba, ya ce gwiwa ta motsa.

Da ya isa gida ya ciro tsarin mulkin kamfanin daga akwatin ƙarfe, wanda rabonsa da karanta shi tun rasuwar tsohon. A shafi na shida ya ga sharaɗin da mahaifinsu ya sa lauya ya ƙara: ba a sayar da filin gareji sai da yardar masu kashi uku bisa huɗu. Shi da Fintan kashi biyu bisa uku ne. Ko yaron firamare ya san ba su kai ba.

Ya sami Fintan a ƙarƙashin wata bas, ƙafafu kawai ake gani. Ya yi masa bayani yana tsaye yana magana da takalma. Fintan ya turo kansa waje, ya dube shi.

"Kuɗi na biya a koyo maka dabara, kai kuma ka koyo tsoron Allah. Rubuta yadda ka saba mana, Mal. Ƙanwar tamu Attie ba ta san bambancin fili da faranti ba."

"Ka taɓa tambayarta?"

"Kai ka taɓa? Alƙalami a hannun wa yake?"

Wannan ta soke shi, don gaskiya ce. Fintan hannu kawai yake sawa. Kowace kalma a littafin nan, kowane "ta halarta" da "ta amince", Malachy ne ya zana shi da hannunsa, har yana lanƙwasa harafin farko na sunanta don ya yi kyau. Ya ce shi dai bana taro za a yi na gaske, in ba haka ba Fintan ya nemi wani sakataren. Fintan ya yi tsaki ya koma ƙarƙashin mota, ya ce in ta hana cinikin Malachy ne zai je ya gaya wa mai sayen.

Ya buga sanarwar da kansa, da jerin abubuwan da za a tattauna kamar yadda Orlaith ta koya musu. Niyyarsa ya kai mata hannu da hannu, ko ƙaryar da ya yi a aji ta zama gaskiya sau ɗaya. Ya je har ƙofar gidan, ya hango ta ta taga tana ninke kaya, zuciyarsa ta karye, ya zarce ya zagayo ta bayan tafki ya jefa wasiƙar a akwatin gidan waya. Kwana ashirin da ɗaya ba ta kira ba. Lahadi uku ya yi yana zuwa coci a makare, ya tsaya can baya wurin masu fita shan taba, ya sulale kafin a tashi. Philomena ta tambaye shi ko wani ya kashe, ya ce ta bar shi.

Ranar Talata, sha biyu ga Nuwamba, ya share ofis, ya kawar da tsofaffin batura daga kan kujera ta uku, wadda ba a taɓa zama a kanta ba sai kare. Fintan ya wanke hannu amma bai cire rigar aiki ba. Saura minti biyar sha ɗaya suka ji ƙaramar motarta ta tsaya. Ta shigo da babbar rigar sanyinta ta zuwa coci, da jaka a kafaɗa, da burodin zabibi a naɗe cikin tawul.

"Ban san abin da ake kawowa irin wannan zama ba," ta ce, ta ajiye shi a tsakiyar tebur. Ta zauna ta ciro sanarwar, wadda ta ja wa layuka da jan biro.

Fintan ya so a tafi kai tsaye ga maganar fili. Attracta ta ɗora yatsa a kan takarda ta ce abu na farko a jerin shi ne karanta bayanin taron bara. Malachy da kansa ya sa shi a can, ya kwafo daga darasi bai yi tunani ba. Ta ce ita ba ta san an yi wani taro bara ba, don haka tana son ji. Fintan ya ce al'ada ce kawai, a ɗauka an karanta. Ta ce tunda takarda ta ce a karanta, a karanta.

Malachy ya buɗe koren littafin. Ya yi shirin jin kunya, ya kwana uku yana tsara yadda zai ce mata sun yi kuskure, amma bai yi shirin abin da ya gani ba. Ya fara da muryar da yake karanta nassi a coci: an yi babban taron shekara a ofishin kamfani, ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. A nan ya tsaya. Jibi Alhamis, sha huɗu ga wata, ake addu'ar cikar Dinny shekara da binnewa, katin gayyatar yana manne a firijinsa. Ya tuna ranar sarai. An yi ruwa, ƙarfe sha ɗaya aka shiga coci da akwatin gawar, shi yana gaba ta hagu, Fintan ta dama. Bayan wata guda ya zauna a kicin da shayinsa, ya duba kalanda ya ɗauko Talata ta biyu kamar kullum, bai ko ga ranar ba.

"Ci gaba," in ji Attracta.

Ya ci gaba, don babu inda zai shiga. Ya karanta cewa Fintan Derrig da Malachy Derrig da Attracta Padden sun halarta. Ya karanta cewa an duba aikin shekara, Misis Padden ta nuna gamsuwa, ta goyi bayan a sayi sababbin tayoyi. Ya karanta cewa an tashi da ƙarfe goma sha biyu saura kwata bayan shugaba ya gode wa kowa. A wannan lokacin suna maƙabarta, tana riƙe da hannun rigarsa don kada ta faɗi. Da ya kai ƙarshe bai ɗago ba. Kunya ta rufe shi har yana jin ƙarar agogon bango kamar a cikin kansa.

Fintan ya yi gyaran murya, shi ma fuskarsa ta yi ja. Ya karanto daga takarda, da sauri, cewa ko an amince wannan shi ne sahihin bayanin abin da ya gudana. Ya ɗaga hannunsa rabi, ya ga babu mai bin sa, ya mayar da shi ya sosa ƙeya.

"Ba a amince ba," in ji Malachy. "Ƙarya ce, Attie. Duka littafin, tun daga shekarar da Daddy ya rasu. Ni na rubuta."

Ta miƙo hannu, ya tura mata littafin. Ta sa tabarau ta fara daga farko, ba ta gaggawa. Ta ga kanta tana amincewa da sayen bas a shekarar da mahaifiyarsu ta daina gane ta. Ta ga kanta tana gode wa shugaba a shekarar da aka yi wa Dinny aiki na farko. Fintan ya yi ta kankare baƙin mai daga farcensa. Da ta zo shafin bara ta daɗe a kai, ta shafa sunanta da yatsa.

"Ƙarfe sha ɗaya kam muna tare, mu ukun," ta ce. "A nan ba ka yi ƙarya ba, wurin ne kawai ka canja."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya buɗe baki zai ce sun yi ne don kada su dame ta, sai ya ji yadda maganar za ta fito, ya haɗiye ta. Ta ce shekara da shekaru tana jin labarin kamfanin ubanta a bakin mai sayar da nama. Ta ce maganar fili ma a shagon gyaran gashi ta fara jin ta tun watan Agusta, ta zauna tana jira ta ga ko ɗaya daga cikin yayyenta zai taka mil uku. Ba ta ɗaga murya ba, kuma ba ta yi kuka ba.

Fintan ya tambaya a hankali, to filin fa. Ta ce ba ta ce a'a ba, ba ta ce e ba. A kawo mata tayin a rubuce ta karanta a gidanta, a sake kiran taro, da kwana ashirin da ɗayanta cikakku. Ta ce kuma a wannan karon kada a wahalar da ma'aikacin gidan waya, ta ga motar Malachy ranar da ta tsaya a ƙofarta ta wuce.

Ta miƙe ta gyara rigarta. Burodin yana nan a tawul ba a yanka ba, ta ce su ci, amma a mayar mata da tawul ɗin. Malachy ya jawo littafin, ya buɗe sabon shafi, ya cire murfin alƙalami. Hannun da duk Carrowbeg ke yabo ya tsaya a saman takardar, har tawada ta ɗiga a kan layin farko. Bai san yadda ake rubuta taron da aka yi ba.

"Me zan rubuta, Attie?"

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi, ba ta juyo ba.

"Rubuta na zo."